Sarƙa da Kwaɗo

A tashar Nagpur na sayi sarƙa,
rupi arba'in, har da kwaɗo.
Mai sayarwa ya dafa ƙirji:
"Sai dai a sace jirgin ɗungurungum."

Na tura akwati ƙarƙashin gado,
na zarga sarƙa a zoben ƙarfe, sau biyu.
Ciki akwai zannuwan Sulochana guda uku,
kwalbar mangwaron da uwata ta jiƙa da yaji,
da takardun filin da muke shari'a a kai.
Takalmana kuwa, na yi matashi da su.

Dattijon da ke gadon sama
bai kwanta mini a rai ba.
Yatsunsa sun cika tsawo.
Ya miƙo gurasa, na ce na ƙoshi.
Ya yi tari, na shafa kwaɗo.
Ya juya, na shafa kwaɗo.
Dare ya tsala, ƙafafun jirgi na ta daka,
ni da barci muna kallon-kallo.

Da asuba mai shayi ya kwarma: Khandwa!
Tsayuwar ba ta da tsawo.
Aljihun riga, aljihun wando, cikin safa,
makulli ya ce ɗauke ni inda ka ajiye.
Na ja sarƙa, na sake ja.
Mai sayarwa bai yi ƙarya ba.

Dattijon ya sauko, bai ce uffan ba,
ya zare allura daga wuyan rigarsa,
ya durƙusa kamar mai gaida kwaɗon.
Ƙas!
"Shekara talatin ina ƙera irinsa," in ji shi,
ya koma ya ja bargo.

Na dira, jirgi ya ja.
Akwati a kaina, ko tsinke bai ɓata ba.
Amma gurasar nan da na ƙi
ta fi shi nauyi.