Numfashin Shoka

Da hantsi Tunau ya shigo da ita Bagudo,
motar asibitin Ka'oje, laka har ƙofa,
bayanta na rawa kamar jirgin fito a tsakiyar Kwara.

"Tun kwazazzabon Tsamiya take haka," in ji shi.
"In na faɗa rami sau ɗaya
sai ta amsa mani sau uku,
akwatin allurar yara na tsalle a baya,
malamar jinya na salati."

Maigida Gado bai tanka ba.
Ya ɗora tafi biyu a gindinta, ya danna, ya saki.
Muka ƙirga da baki: ɗaya, biyu, uku,
sai a na huɗu ta natsu.

Ni aka tura ƙarƙashi da tsumma.
Shokar hagu a bushe, ta dama ma a bushe,
sandar ciki na ƙyalli, babu karce, babu tsatsa.
Na ce, "Maigida, mai bai zuba ba."
Ya ce, "To numfashi ne ya gudu.
In gas ya fita, mai kumfa yake yi,
kumfa kuwa ba ta ɗaukar kaya."

Ya ɗaura geji a bawul na hagu,
allura ta miƙe, ɗari da tamanin.
A na dama da ƙyar ta ɗaga kai,
ashirin, kamar mai zazzaɓi.

Ruwan sabulu a gwangwanin madara,
gashin kaza na shafawa.
Muka yi shiru, har injin niƙan maƙwabta ya yi shiru.
Can sai ƙwayar kumfa ta tsiro a bakin bawul,
ta kumbura, ta fashe, wata ta biyo.
Ɓarawon ke nan, ƙwayar bawul,
ko tsawon shinkafa biyu bai kai ba.

Na zabura zan je wurin Ɗan Ige mai faci.
Maigida ya riƙe wuyan rigata.
"Iskar faci da ruwa a cikinta, yaro.
Ta ji zafi ta kumbura, ta kwana ta ci ƙarfe.
Mirgino tulun naitirojin da na ɗauko Jega."

Muka ɗaga ta da jak har taya ta yi reto,
shoka ta miƙe iya tsawonta.
Sabuwar ƙwaya, sabon zobe na roba.
Ya buɗe tulu kaɗan kaɗan
kamar mai auna wa marar lafiya gishiri.
Hamsin. Ɗari. Ɗari da hamsin.
Ni na daina numfashi, ita tana ɗauka.
Ɗari da tamanin, ya murɗe.

Sabulu kuma. Gashin kaza kuma.
Ko ƙwaya ɗaya ba ta tsiro ba.

Da ta sauka ƙasa ni ya ce in danna.
Ta nutse, ta taso, ta tsaya cak.

Tunau ya biya, ya yi ciniki kan ɗari biyar,
ya kama hanyar Lolo kafin azahar.
Tsohuwar ƙwayar tana aljihuna har yanzu,
da daddare nakan taɓa ta in ji ƙanƙantarta.