Takalmin Birki

A Gusau, bakin hanyar Zariya,
Lauwali dillali na ta rantsuwa:
"Wata hajiya ce mai ita,
asibiti kaɗai take zuwa."

Fenti na ƙyalli. Ban tanka ba.
Na durƙusa, na zura yatsa bayan taya:
faranti duk kunyoyi,
kamar gonar gero bayan huɗa.
Takalmin birki ya suɗe,
bai fi kaurin ƙumba ba.

Muka fita gwaji.
Na taka, ƙafa ta nutse kamar a laka.
Ƙarfe ya yi kuka,
Lauwali ya ƙure rediyo.

Mu biyar za ta ɗauka,
har da Ramlatu, 'yar wata bakwai,
kuma gangaren Kwatarkwashi
ba ya jin rantsuwa.

Rage kuɗin gyara, Lauwali,
ko ka mayar wa hajiya abarta.