Tawada a Ɗan Yatsa

A Bajoga, bayan isha'i,
in na rataye farar rigar asibiti a ƙusa,
na daina zama Jummala.
A waya, Tsintsiya nake.
Da sunan nan na faɗi inda kwalayen maganin zazzaɓi suka bi
daren Laraba, a bayan a-kori-kura.
Bakina bai iya faɗa ba:
'ya'ya uku gare ni, albashi ɗaya.

Sai ga Kunama.
Ba fuska, ba gari, hoton wata jar mota ya liƙa.
Ya zagi uwata da ƙasa ta rufe tun bara,
ya ce ya san launin ƙofarmu.
Aka toshe shi da hantsi,
kafin la'asar ya dawo Baƙin Kumurci.
Aka toshe. Ya dawo Ɗan Gidan Kowa.
Suna tara na ƙirga a bayan takardar awo,
duk taran in za su rubuta gaskiya
sai harafi ɗaya ya faɗi a hanya.

Bappayo mai gyaran waya a bakin tasha
ya ce abin ai da sauƙi:
kowa ya ajiye katin ɗan ƙasa,
suna da fuska, a daina ɓuya.
Na karɓi canjina, ban tanka ba.
Ruwan da za a ɗura wa ramin kunama
ta ɗakina zai fara bi.

A hanya na tuna ranar zaɓe a firamarenmu.
Ba wanda ya leƙa inda na dangwala,
akwati bai tambayi sunan ubana ba,
amma tawadar da aka shafa mini a farce
ta hana ni shiga layi sau biyu.
Mako guda ina wanki, tana nan.

Irinta nake nema.
A bar wa kowa mayafinsa,
amma guda ɗaya tak.
Wanda ya ƙona nasa da zagi
ya zauna a rana, ya jira.

Ba na son sanin ko wane ne.
Wataƙila da safe na ɗaure masa hannu na nemi jijiya,
wataƙila ya ce mini sannu da aiki.

Ƙarfe sha ɗaya, an ɗauke wuta.
Wayar ta yi haske a kan tabarma.
Sabon suna, hoton tsuntsu.
Na karanta layin farko,
ga gurbin harafin nan.
Goma.