Jakadan Ɗaki Na Tara

Da rana ina aji a Bradford.
Farfesa Illingworth na zana taswira:
kogin nan na wa ne, iyakar can wa ya ja ta,
wa ya sa hannu, wa ya bar tebur a fusace.
Ina rubutu, sanyi ya ƙage min yatsu.

Da dare sai gidan kula da tsofaffi.
A ɗaki na tara yaƙi ya ɓarke kan taga:
Alwyn na so a buɗe,
Desmond ya ce sai bayan ransa.
Na haɗo shayi biyu, na zauna tsakani,
ban ba kowa gaskiya ba.
Muka daidaita kan faɗin yatsa uku,
da ƙarin bargo ga wanda ya sassauta.

Inna ta kira da asuba:
"Sagiru, yaushe za a ba ka motar nan mai tuta?"
Takardun neman aiki goma sha ɗaya na aika.
Geneva shiru. Abuja shiru.
New York ko tari ba ta yi ba.

Na ce, "Inna, jiya ma na tsagaita wuta."
"A wace ƙasa?"
"Ƙarama ce. Gado biyu, taga ɗaya.
Yanzu na leƙa, duk suna minshari."