Awon Sanda

Ranar Litinin sandar Telmo ta karye
a hawa na uku, saman shagon mai kifi.
Rabinta ta sauko kamar mashi,
ta caki ƙasa kamu ɗaya daga ƙafar wata tsohuwa.
Ba ta ce uffan ba. Ta dube ni, ta gyara riƙon jakarta, ta wuce.
Kallon nan ne ya kai ni shagon Anselmo da sanyin safiya.

Matosinhos gari ne da teku ke lasa dare da rana.
Gishiri na shiga gaɓar ƙarfe kamar gulma,
wata shida, in ka murɗa sai ta yi maka kuka.
Bara na kwaso masu araha guda biyar, har ina yabon kaina.
Wanda ya sayi rariya
ai ya san za ta zubar da ruwa.

Anselmo ya jingina su da bango:
ta alminiyam, mai sanyi, mai cin hannu,
ta zaren gilashi, rawaya kamar kwaiduwa,
sai baƙar nan ta kabon
da kuɗinta ya sa na haɗiye yawu.
Ban karanta takardar da ke manne da su ba.
Takarda ba ta taɓa wanke taga ba.

Na fito da su bakin titi ɗaya bayan ɗaya,
na zare gaɓa bayan gaɓa har mita tara,
na girgiza.
Wadda kanta ya yi ta rawa bayan hannuna ya tsaya, na mayar.
Na danna maƙulli da babban yatsa ina tambayar kaina:
zai buɗu wa hannun da ruwan Janairu ya kashe?
Na ce, Anselmo, ɗan sukurun nan in ya faɗa kwata,
ƙaninsa na cikin aljihun teburinka
ko sai mun jira jirgi?
Ya jawo aljihun. Suka yi ƙara kamar tsakuwa a gwangwani.

Sai kafaɗar Graciete ta faɗo mini a rai.
Shekara hamsin da huɗu, ba ta ƙorafi,
warin man zafi ne ke tona mata asiri a mota.
Giram ɗari uku ba komai ba ne a sikeli.
Ɗaga shi sau dubu kafin rana ta raba,
ka dawo mu yi magana.

Kuɗin bai kai na biyar ba. Na ɗauki huɗu, baƙaƙe.
Tsohuwar da ta rage, mai tabon gishiri, tawa ce,
ni da ƙananan tagogin ƙasa.

Ranar Laraba muka koma titin mai kifi.
Telmo ya miƙa tasa, ta tafi sak, ba ta waiwaya ba.
Ruwa ya gangaro, gilashi ya buɗe ido,
wani jirgin kaya ya ratsa ta cikinsa a hankali.
Graciete ta auna tata a tafin hannu,
ta harare ni ta ce, nawa?
Na ce, kama aiki, rana na yi.