Randar Arzika

A Tawa, in Afrilu ya raba tsakiya,
kwanon rufi kan fara magana tun hantsi,
ƙas, ƙas, kamar tsohuwa na tauna aya.
Ƙadangare ma sai ya yi shawara da ƙafarsa
kafin ya taka filin lakwal ɗinmu.
Mu kuwa masu alli
mun iya ƙidayar yara,
ba mu iya ƙidayar moɗar da muka sha ta ruwa.

Ranar Talata ce.
Mushe Nomau na gaban allo
yana raba ɗari tara da sha biyu gida takwas,
cikin kwat mai kauri, wuya a ɗaure,
don an ce sufeto na tafe.
Tun safe kansa ke sarawa, ya ce ba komai.
Allo ya zama biyu a idonsa, ya ce ba komai.
Ya rubuta ɗaya, ya sauko da ɗaya,
sai allin ya ja dogon layi har ƙasa,
yara sittin da bakwai suka miƙe da kururuwa.

Mu masu takardu muka yi cirko-cirko.
Arzika mai gadi, da bai taɓa zaman benci ba,
shi ya dafa goshin, ya ce, “Babu zufa.
Tukunyar da ta bar tururi, ƙonewa take.”
Muka kai shi gindin bedi. Ya ɓalle masa maɓallai,
ya tsoma rawaninsa a randa,
ya bi wuya, ya bi hammata, ya bi tsakar ka,
Madam Tsahara na fifita da rajistar kiran suna.
Na kawo moɗa zan ɗura masa,
Arzika ya kaɗe hannuna:
“Wanda bai farfaɗo ba, ba a ɗura masa.
Ruga ka tsaida mota. Wannan ya wuce jiƙo,
likita za mu, kuma muna tafe muna jiƙawa.”

Kwana uku. Leda biyar a jijiya.
Sufeto bai ma zo ba.

Yanzu kowace ƙofa da randarta
a kan jiƙaƙƙen yashi, da buhu a kafaɗa.
Darakta Tankari ya jawo darasin motsa jiki
ya kai shi bakwai da rabi na safe,
taron malamai ya bar ofis ya koma inuwa.
Kwat ta hau ƙusa sai damina.
A aljihun tebur, kusa da jan biro,
akwai ƙullin gishiri da sukari.
Gwamma mai dafa wa yara ta fid da murhu daga ɗaki,
ita ma an sa ta a lissafi,
da mai shara, da Arzika kansa,
don rana ba ta tambayar mutum difloma kafin kayarwa.

Mun koyi tambayar da kunya ta hana mu a da:
“Yaya fitsarinka yau, fari ko ruwan shayi?”
Mu yi dariya, mu je mu sha.
Ba ma jiran ƙishirwa,
ita manzo ce mai isowa bayan an gama ɓarna.

Lissafin nan ba wanda ya goge shi.
Ran da Nomau ya dawo cikin farar taguwa,
ya tsaya bakin ƙofa, yara na kallo,
ya cika moɗa, ya shanye, ya ƙara rabi,
sannan ya ɗauki alli:
ɗari da goma sha huɗu, babu saura.
Daga can gindin bedi Arzika ya ɗaga murya,
“Mushe, in an jima ka ƙara, randa ba ta rowa.”