Har Zuwa

A jikin kwalin an rubuta dubu da ɗari biyu,
jan rubutu, kaurinsa ya kai yatsa.
Mai shago ya dafa ƙirji ya ce da Eulalia:
"Har banɗaki zai bi ki, har kan rufi."
Ta ƙirga masa kuɗin ɗinkin riguna tara,
ta rungumi kwalin, ta fuskanci tudun Valparaíso,
matakala ɗari da sittin,
tana tsayawa jan numfashi duk bayan arba'in.

Rauta ce baƙa, mai ƙaho huɗu.
Ta ɗora ta kan firiji, gefen hoton marigayi,
korayen fitilu suka hau ƙifta mata ido
kamar yaron da ya yi ɓarna bai faɗa ba.

Jikanta Nibaldo ya zo aune da wayarsa.
Gaban firiji, tamanin da uku.
Falo, sha tara.
Ɗakin ɗinki kuwa, inda take wuni,
allurar ta ɗaga kai, ta yi shawara,
ta koma ta kwanta.

Ya ce bangon ne, laka mai kauri
da aka yafa wa kwano saboda gishirin teku.
Ya ce maƙwabta ne, gida ashirin da uku,
kowa da tasa na ihu a layi ɗaya.
Ta ce, "Da yake karɓar kuɗina
bai tambaye ni bango ba."

Ya kifa kwalin. Can ƙasa, kusa da lamba,
wasu kalmomi biyu sun raɓe,
sai da ta sa gilashin zura zare ta gan su:
har zuwa.

Ta yi dariya har da tari.
"Gobe matar mai kifi za ta zo karɓar riga.
Zan ce mata, ga ta nan,
hannuwa har zuwa biyu."

Lahadi da yamma Ximena ta kira daga Punta Arenas.
Ta ce, "Mama, likita ya ce—"
sai fuskar ta daskare, baki a buɗe,
wani ɗan zobe na juyawa a kan goshinta.
Eulalia ta bi bango da waya a sama,
ta taka kyanwa, ta ture kwandon zare,
ta durƙusa a gindin firiji,
a nan sauran zancen ya iske ta:
"—mace ce, kuma lafiya lau."

Washegari maza biyu suka ciccibo keken ɗinki
suka dire shi tsakanin murhu da tukwane.
Yanzu rigunan unguwar na ƙanshin albasa.

Kwalin bai tafi shara ba, maɓallai ke ciki.
Ta zazzage su a tebur, ta ƙirga ɗaya ɗaya,
ta soke jan rubutun da allin tela,
ta rubuta ɗari uku da shida.